Mene Ne Binciken Duwatsu Da Ƙafa?

Kwanan nan ana yawan jin batun binciken ma'adinai a jihar Sakkwato. Ɗaya daga cikin matakansa na farko shi ne masana su taka da ƙafa, su karanci tarihin ƙasa a jikin duwatsunta.

Mai binciken yakan ɗauki guduma da taswira da kamfas, ya bi kwazazzabai da gefen tuddai, inda zaizayar ruwa ta tone ƙasa hawa-hawa. Yakan ɓalli dutse, ya duba launinsa da taurinsa, ya rubuta inda ya same shi.

Ga misalin abin da irin wannan bincike ke nunawa: a yankin Kajiji da Shagari da Boɗinga, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai na sanye da hular jar marmara, wadda ke kare yashi da laka na ƙarƙashinta. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ya taɓa mamaye yankin Sakkwato. Shi ya bar dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi.

Wannan bincike ya shafi masu haƙar rijiya da burtsatse, da manoma, da masu gina hanya. Sanin ƙasa kafin haƙa yana rage asarar kuɗi da wahala.