Numfashin Doki Bayan An Gama Tiyata

Mai doki yakan yi ajiyar zuciya da zarar an ce an gama ɗinki. Shi kuwa likitan dabbobi a lokacin ne yake ƙara buɗe ido, domin daga tsayar da maganin barci zuwa sa'ad da dokin zai miƙe da ƙafafunsa akan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, kuma a wannan tsakani ake asarar dawaki da dama. Wani babban bincike da likitocin Ingila suka wallafa a 2002, bayan bin diddigin dawaki sama da 40,000, ya gano cewa kusan ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka sa barci don aikin da ba na ciwon ciki ba sun mutu cikin mako guda. Wannan ya zarce na karnuka nesa ba kusa ba, balle na ɗan Adam.

Tushen matsalar yana cikin halittar dokin. Ba a yi shi don doguwar kwanciya ba. Idan aka kwantar da mai nauyin kilo 500 rigingine, hanji da duk abin da ke ciki sai su gangaro su danne tantanin da ya raba ciki da ƙirji. Ɓangaren huhun da ke ƙasa sai ya lotse kamar soson da aka taka: jini yana ratsa shi, amma babu iskar da zai ɗauka. A kan tebur na'ura tana rufa asiri, tana hura masa oksijin kusan tsantsa ta bututun da aka zura a maƙogwaro. Ana cire shi daga na'urar sai ya koma kan iskar gari, wadda kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin a cikinta, ga huhu bai gama buɗewa ba.

Ƙari a kan haka, doki ba ya numfashi ta baki. Gandarsa doguwa ce, ta raba baki da hanyar iska. Kan da ya daɗe a ƙasa kuwa jini yakan taru a cikin hancinsa har ya kumbura. Hanci ya toshe, ba shi da wata ƙofa.

Shi ya sa a manyan asibitoci ba a hanzarin zare bututun. Akan kai dokin ɗaki mai laushin bango da daɓe, in a gefe aka yi masa aikin a kwantar da shi ta wannan gefen, don kada a danne huhun da ya rage da lafiya. Wani dokin ma numfashin yakan tsaya cak na ɗan lokaci, saboda na'ura ta wanke iskar kabon da ke zaburar da ƙwaƙwalwa ta ja numfashi. A nan likita yakan haɗa bakin bututun da wani bawul da ke jone da tukunyar oksijin. Ya danna, haƙarƙari ya taso, ya saki, ya jira. Sau kaɗan yake yi a minti da gangan, don kabon ɗin ya taru dokin ya karɓi aikinsa. Da ya fara ja da kansa sai a zura siririn tiyo mai kwararo oksijin wajen lita 15 a minti. Akan fesa maganin fenilefrin a hanci don kumburin ya saɓe, wasu kuma sukan ɗaure bututun su bar shi har sai dokin ya miƙe.

Alamar haɗari ba ta ɓuya ga mai lura. Za ka ji minshari mai kaushi, ka ga ciki yana bugawa da ƙarfi, ka kai tafin hannu bakin hanci ka ji babu iskar kirki. Ɗaga leɓe ka duba dasashi: in ya bar ja-ja ya koma shuɗi-shuɗi, lokaci ya ƙure. Dokin da ya yi ta jan numfashi a kan toshewa huhunsa na iya cika da ruwa, har kumfa mai jini-jini ta fito ta hanci. Idan bututu ya ƙi komawa, sai a tsaga maƙogwaro ta wuya a buɗe hanya nan take. Ga shi ƙarancin iska yana ƙara firgita doki, ya zabura alhali ƙafafu ba su dawo ba. A binciken nan na 2002, karaya ce ta kashe kusan ɗaya cikin huɗu na dawakin da suka mutu.

A barganmu yawanci gajeren aiki ake yi a fili, irin su dandaƙa da ɗinkin rauni, da allurar zailazin da ketamin, barcin kamar minti 15 zuwa 20. Haɗarin ya fi sauƙi, sai dai mu muke ƙara shi. Yara su yi cincirindo, wannan ya ja ragama, wancan ya buga masa tsawa wai ya tashi. A ganina wannan ganganci ne. A sassauta ragamar, a miƙar da wuya, a share ƙasa daga bakin hanci, a rufe masa ido da ƙyalle, a yi tsit. Kada a ɗura masa ruwa, kada a ba shi harawa sai ya wartsake sarai.

Aiki mai tsawo kuwa a nufi asibitin koyarwa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Kafin ka yarda a kwantar da dokinka, tambayi likita ko akwai oksijin a kusa, da kuma wanda zai tsaya a kansa har ya tashi.