Reshen Banki da Rumfar Mai POS a Dauran

Mutumin Dauran, a ƙasar Zurmi ta jihar Zamfara, da ɗansa ya turo wa kuɗi daga Legas yana da hanya biyu. Ko ya hau mota zuwa Ƙauran Namoda ya bi layi a reshen banki, ko ya taka bakin kasuwa wurin yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da 'yar na'urarsa ta POS. Galibi na biyun ake zaɓa, kuma ba lalaci ba ne. Ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga yini guda ya tafi, ga fargabar hanya, don kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyin ƙasar Zurmi da Shinkafi. Idan aka ɗora waɗannan a sikeli, 'yan ɗaruruwan da mai POS ke yanka a matsayin caji ba su kai abin tsayawa ciniki ba.

Tun 2013 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki, amma sai da kamfanoni irin su Moniepoint da OPay suka baza na'urori abin ya shiga ƙauye. Abin da ya fi burge ni shi ne inda tsabar kuɗin ke fitowa. Sau da yawa ba daga banki ba ne. Ranar kasuwa, mai shagon da cinikinsa ya taru, ko mai gidan mai, zai miƙa wa mai POS damin kuɗi a tura masa ta asusu, ya huta da kwana da su a ɗaki. Kuɗin nan su ne za a ƙirga wa dillalin gero ko tsohuwar da aka yi wa aike. Naira ɗaya sai ta zaga gari sau da dama ba ta ga ƙofar banki ba. Banki kuwa yana rufewa da la'asar, ba ya buɗewa Asabar da Lahadi, kuma bai san sunan uban kowa ba.

Sai dai rumfar nan a kan abu biyu take tsaye, sabis da tsabar kuɗi, kuma babu wanda ke hannun mai ita. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako, na'urar ta koma abin ado. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1000 na zamanin gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele, sai da mutane suka riƙa sayen kuɗinsu da kuɗi. An zagi masu POS ƙwarai, wasunsu sun cancanta, amma da yawa su ma saye suke yi. Zamfara na cikin jihohi ukun farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai ƙara Kotun Ƙoli kan canjin kuɗin, wadda a ranar 3 ga Maris 2023 ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

Ranar matsala ce ke nuna amfanin banki. An cire kuɗi a asusunka, takarda ta fito ta ce bai yi ba. Mai POS zai ce ka yi haƙuri, za su dawo. In ba su dawo ba, sai Ƙaura ko Gusau, a cika fom. Haka in kati ya lalace ko lambar BVN ta sami tangarɗa. Kuma kuɗin da ke asusun bankin kasuwanci suna da inshorar hukumar NDIC, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024. Wanda ya bar ajiya a aljihun mai POS saboda sanayya, amana kawai ya riƙe.

A ganina bankuna sun ci riba biyu. Sun sami masu asusu a garuruwan da ba su kafa ko bulo ɗaya ba, sun kuma bar wa saurayi mai ƙaramin jari haɗarin ɗaukar kuɗi da fashi da jabun alat. Bashin noma kuwa, babu wanda ya kawo shi Dauran cikin su biyun ta yadda ƙaramin manomi zai ji a jikinsa. In damina ta matso yana neman kuɗin taki, wurin ɗan kasuwar da zai biya da buhu bayan girbi yake zuwa, ko ya jira kwasar adashin matarsa.