Sunan Zuriya a Kano: Daga Wangarawa Zuwa Gidan Ɗantata

Sunan zuriya a Kano ya daɗe ba ya manne da sunan mutum. Jariri yakan samu sunan yanka ranar bakwai, a ƙara masa laƙabi irin su Ɗanjuma ko Talatu, sannan a jingina shi ga mahaifinsa. Asalin gidansu kuwa yana cikin sunan dangi mai ƙarewa da "-awa", ko a sunan unguwa. Wannan ya sha bamban da ƙasar Sin, inda suna irin Li, na sarakunan daular Tang (618–907), yake bin ɗa da jika har yau.

Kundin tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Zuriyarsu ta yi suna da karatu a Madabo, har ake kiran malaman wurin Madabawa. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shehu Magili ya sauka a Kano, kuma Sharifai suna danganta kansu da ɗansa Isa, wanda ake kira Sidi Fari. Rumfawa sun wuce, Kutumbawa sun hau daga 1623 har jihadi ya kawar da su, amma unguwar Sharifai da sarautar Sidi Fari suna nan.

Jihadi ya fito da sunayen dangogin Fulani. Sarki Sulaimanu na Munduɓawa ya rasu a 1819, Ibrahim Dabo na Sulluɓawa ya gaje shi, sarauta ta zauna a gidansa. Wasu dangogin suka riƙe manyan rawuna: Madaki na Yolawa, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa. Fatake ma suna da nasu: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa a 1909, rajista ta fara neman suna na biyu. Saboda kunyar ambaton sunan mahaifi, ɗalibai da yawa suka ɗauki sunan garinsu. Malam Aminu Kano (1920–1983), haifaffen Sudawa, ɗan Malam Yusufu ne daga Gyanawa, amma da sunan birnin duniya ta san shi. Sunan ne a kan asibitin koyarwa da aka kafa a 1988, wanda ke kan titin Zariya kusa da Gyaɗi-Gyaɗi.

Gidan Ɗantata ya nuna yadda laƙabi ke zama sunan iyali. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin Agalawa. Wata mata mai suna Tata ce ta yi renonsa, shi ya sa aka riƙa ce masa ɗan Tata. Ya fara da goro, ya koma sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa, ciki har da Sanusi da Aminu, suka riƙe laƙabin, jikoki suka gada. Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata, mahaifiyar Aliko Ɗangote, tana cikinsu.

A unguwannin bayan badala irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda 'yan cikin gari da baƙi suka cakuɗu, tsohon tsari da sabo suna tafiya tare. A katin ɗan ƙasa da takardun banki, yawanci sunan uba ko kaka ake rubutawa, don haka sunan iyali yakan sauya daga tsara zuwa tsara. Idan kuwa maganar aure ta taso, dattawa ba sa duba kati. Tambayarsu ita ce ɗan wane gida ne, kuma daga wace unguwa iyayensa suka taso.