FILIN MANOMA: Auren Mangwaro Da Sayar Da Dashensa

Ran nan wani akawu ya same ni a ofis, ransa a ɓace. Ya ce shekara 6 ke nan da ya sayi dashen mangwaro guda 20 a bakin tasha, mai sayarwa ya rantse masa duk masu aure ne. Ya kewaye su da shinge, ya yi ta ban ruwa rani bayan rani. Bana suka yi 'ya'ya, sai ga 17 daga ciki ƙananan nan ne masu zare, irin da yara ke jifa a bakin hanya. Wanda ya sayar masa kuwa ko sunansa bai sani ba. Ya ce kuɗin dashen bai dame shi ba, shekarun da suka wuce su ne ba su dawowa.

Sabo da haka na ga ya kamata wannan mako mu yi magana a kan auren mangwaro. Aiki ne da manomi ko ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya yi a bayan gidansa da maraice, ya sami na cefane, in dai ya riƙe gaskiya.

Me Ya Sa A Ke Yin Aure?

Mutane da yawa sun sha mangwaro mai daɗi sun shuka ƙwallonsa, amma da itacen ya girma sai ya ba su wani abu dabam. Dalili kuwa shi ne, ƙudaje su kan kwaso garin fure daga wani itace su kai wa wani. Watau ƙwallon yana da uwa yana da uba, uban kuwa ba a san shi ba. Manyan irin da asalinsu daga Indiya ne, tsiro ɗaya tak ke cikin ƙwallonsu, kuma ba lalle ne ya gado uwarsa ba.

Ga misali. A shekarar 1902 wani mutum mai suna John Haden ya shuka ƙwallayen wani mangwaron Indiya da a ke kira Mulgoba a Fulorida ta ƙasar Amurka. A 1910 ɗaya daga cikinsu ya yi 'ya'ya jajaye masu kyau, ba kamar na uwarsa ba, aka sa masa suna Haden. Shi wannan sa'a aka yi. Tun daga nan duk mai son Haden na gaske sai ya yanki reshe, domin reshe jikin uwa ne, ba ya canzawa. Haka Kent, da Kit, da Juli, da Fita, duk ta reshe a ke yaɗa su.

Amfani na biyu shi ne sauri. Mangwaron ƙwallo ya kan ɗauki shekara 5 zuwa 8 kafin ya yi 'ya'ya, mai aure kuwa 3 ko 4. Kuma ba ya yin tsawo ƙwarai, tsinkarsa ba wuya.

Renon Gindi

Gindin da za a yi aure a kansa, na gida mai zaren nan ya fi kyau, gama ya saba da ƙasarmu, saiwarsa tana nisa, yana jure fari. Ƙwallonsa ya kan fid da tsiro biyu ko uku ko fi, sai ka bar mai ƙarfi ɗaya ka cire saura.

Ka tara ƙwallon nunannen mangwaro, ka wanke, ka shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Kada ka ajiye shi ya daɗe, in ya wuce mako biyu ƙarfin tsirowarsa ya fara raguwa. Ka fasa ɓawon nan mai tauri a hankali, ka fid da ƙwayar, ka shuka a leda baƙa wadda ka huda ƙasanta. Ƙasar ta zama haɗin ƙasar gona da rairayi da ruɓaɓɓen taki. Cikin mako 2 zuwa 4 zai tsiro. In kaurinsa ya kai na fensir, watau bayan wata 6 zuwa shekara guda, ya isa aure.

Zaɓen Reshe

Nan ne gaskiyar sana'ar ta ke. Kada ka yanki reshe sai daga itacen da ka ga 'ya'yansa da idonka, ka kuma tabbata da sunansa. Ya zama lafiyayye, ba ƙwari, ba baƙin tabo a ganye. Ka nemi ƙarshen reshe wanda ganyensa ya ƙosa ya yi kore shar, idon da ke bakinsa ya kumbura amma bai fashe ba. Kamar kwana 7 zuwa 10 kafin ranar aiki ka yanke ganyayen, ka bar guntayen hannuwansu, reshen yana nan jikin uwarsa. Wannan shi ke sa idon ya cika. Ran aiki ka yanko shi da sassafe, tsawon inci 3 ko 4, ka naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka yi amfani da shi a ranar.

Wanda ba shi da itace mai kyau kusa, sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, ita ma tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano.

Yadda A Ke Haɗawa

Kayan aiki ba su da yawa: wuƙa mai kaifi kamar aska ko sabuwar reza, da leda mai laushi da aka yanka siri-siri, da sifirit irin na asibiti don goge bakin wuƙa.

Da fari ka datse kan gindin, ka bar kamar inci 8 zuwa 10 daga ƙasa, da 'yan ganyaye a ƙasan yankan. Sa'an nan ka tsaga tsakiyarsa zurfin inci ɗaya da rabi. Ka ɗauki reshen ka fiƙe gindinsa ta gefe biyu, ya zama kamar bakin gatari. Yanka ɗaya ɗaya, sumul, kuma kada yatsa ya taɓa wurin. Sai ka cusa shi cikin tsagar.

To, ga abin lura. Tsakanin ɓawo da itace akwai wata 'yar fata kore mai danshi. Ita ce ke haɗa su su zama jiki ɗaya. Lalle ne ɓawon reshe ya daidaita da ɓawon gindi. In kaurinsu bai zo ɗaya ba, ka daidaita su ko ta gefe guda. In ka bar reshen a tsakiya bai taɓa ɓawo ba, aikin banza ka yi. Ka ɗaure da leda tam daga ƙasa zuwa sama don kada iska ko ruwa su shiga, ka kifa wata 'yar farar leda bisa reshen don kada ya bushe, ka ajiye a inuwa.

Bayan mako 2 ko 3, in ya kama, za ka ga toho. Sai ka cire ledar sama. Ta ɗaurin kuwa ka bar ta kamar wata biyu, amma kada ka manta da ita ta shaƙe itacen. Duk tsiron da ya fito ƙasa da wurin auren ka cire shi nan da nan, in ba haka ba gindi zai rinjayi reshe, ka koma gidan jiya.

Kada a yi wannan aiki cikin hunturu, sanyi da busasshiyar iska su kan kashe reshen. Tsakiyar ruwan Agusta kuma ruɓewa ya ke yi. Farkon damina da ƙarshenta sun fi. Mai koyo kada ya karai in na farko sun mutu, hannu sai da sabo. Ya fara da kamar 50.

Sayarwa

Kowane dashe ka rataya masa suna tun ranar aure, domin a leda Juli da Fita ba kowa ke rarrabe su ba, kai kanka ka kan rikice. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta rana, da iri, da itacen da ka yanko, da wanda ya saya. Kada ka fid da dashe kasuwa sai ya yi toho sau biyu ganyen ya ƙosa, ka kuma saba masa da rana kaɗan kaɗan. Lokacin ciniki shi ne sa'ad da ruwa ya zauna, Yuni zuwa Yuli. Yana da kyau ka riƙe iri biyu ko uku, mai saurin nuna da mai jinkiri irin Kit, wanda ke zuwa bayan mangwaro ya yi ƙaranci a kasuwa.

Ka gaya wa mai saye ya haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, ya bar ƙafa 30 ko fi kaɗan tsakanin itace da itace, watau kamar 40 a eka ɗaya. Ya cire ledar, kada ya binne wurin auren, ya yi shinge sabo da awaki, ya lura da gara. Furen shekara biyun farko a cire shi don itacen ya yi ƙarfi.

Ga Mai Saye

Ka duba tabon aure kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka ga ya warke sosai. Amma ka sani tabo yana nuna an yi yanka ne kawai, ba ya faɗin reshen da aka sa. Akwai masu datse kan dashe su mai da shi wurinsa su ɗaure. Sabo da haka ka sayi dashe wurin wanda ka san gidansa, wanda in ka ce ya nuna maka uwar itacen zai kai ka. Araha ba ta ado.

Kai kuma mai sayarwa, ka tuna mutum ya ba ka amanar shekara huɗu na wahalarsa. In itacen ya fito yadda ka faɗa, shi zai kawo maka maƙwabtansa, ba sai ka yi talla ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.

Malamin Gona