Injin zarto mai mariƙi a sama: Abin da mai hawa bishiya zai duba kafin ya saya

Da zarar damina ta ƙarato, kasuwar masu datse rassan bishiya takan buɗe a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Maiduguri. Iskar farkon damina ba ta raga wa darbejiyar da ta yi shekara da shekaru ba a rage mata nauyi ba, kuma reshe ɗaya ya isa ya ɓurma rufin kwano ko ya tsinka wayar lantarkin unguwa guda.

Galibin masu wannan aiki har yanzu da adda da gatari da barandami suke hawa. Waɗanda suka samu hali kuwa sukan ja babban injin zarto da igiya zuwa sama, irin wanda masu yankan katako ke aiki da shi a daji. Daga cikin waɗanda suka fi shahara a Afirka ta Yamma akwai Stihl 070, wanda nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa sarƙa a zuba mai. Inji ne na kayar da bishiya da tsaga katako a ƙasa. Hawa da shi kan reshe kasada ce tsagwaronta.

Akwai injin da aka ƙera musamman domin aikin sama, wato mai mariƙi a sama. Sai dai sayensa ba kamar sayen janareta ba ne, inda mutum zai duba ƙarfi da farashi kawai ya biya.

Me ya bambanta shi da sauran?

A injin zarto na yau da kullum, mariƙin da ke ɗauke da maɓallin totur yana baya ne, ɗayan kuma a gaba. Tazarar da ke tsakanin hannuwan biyu ita ke ba mutum ikon danne injin idan ya yi yunƙurin ƙwacewa.

A mai mariƙi a sama, an ɗauko wancan mariƙin na baya an ɗora shi a bisa kan injin. Wannan ya sa ya zama gajere, mara nauyi, yana shiga tsakanin rassa, kuma ana iya rataye shi a ƙugu ta wata ƙawanya da ke bayansa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 11681-2, wadda ta shafi injinan aikin kan bishiya, ta taƙaita nauyinsu zuwa kilo 4.3 ba tare da sarƙa da harshe da mai ba.

Amma abin da ya sa ya yi daɗin aiki shi ne kuma ya sa ya fi haɗari. Hannuwan biyu sun matso kusa da juna, don haka ƙarfin danne shi ya ragu. Ƙari a kan haka, yadda nauyinsa ya daidaita a tafin hannu yana jan mutum ya riƙe shi da hannu ɗaya, ya kama reshe da ɗayan. Yankan da masu wannan sana'a suka fi samu a hannun hagu da damtse yake, wato hannun da ya saki injin ya koma riƙon reshe.

Shi ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta ce injin na masu horon aikin kan bishiya ne kaɗai, kuma a sama ake aiki da shi. Idan an sauko ƙasa za a daddatsa rassan da suka faɗo, sai a ɗauki mai mariƙi a baya. Wanda ke neman injin da zai riƙa yanka itacen girki a tsakar gida, wannan ba nasa ba ne, komai ƙanƙantarsa da kyan ganinsa.

Nauyi ko ƙarfi

Kamfanoni uku ne suka fi yin fice a wannan fanni: Stihl na Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, da Husqvarna na Suwidin, wanda ya fara ƙera injin zarto a 1959, sai Echo na Japan. Kowannensu yana da ƙanana da manya, kuma a nan ne mai saye zai fara yanke shawara.

Ƙananan suna da inji mai girman cc 23 zuwa 27. Echo CS-2511T, alal misali, cc 25 ne kuma nauyinsa kilo 2.3. Stihl MS 151 T yana da kimanin kilo 2.6, Husqvarna T525 kuma kimanin kilo 2.7. Waɗannan na gyaran bishiya ne: rage rassan mangwaro, buɗe wa waya hanya, cire busassun rassa masu kaurin damtse.

Manyan suna tsakanin cc 35 zuwa 40. Stihl MS 201 T cc 35 ne da ɗoriya, nauyinsa kimanin kilo 3.7. Husqvarna T540 XP ya ɗan fi shi girman inji, nauyinsa dab da kilo 4. Su ake ɗauka idan za a sauke bishiya gaba ɗaya daga sama, gunduwa-gunduwa, saboda babu filin da za a kayar da ita, kamar tsohon maɗacin da gidaje suka kewaye.

Bambancin kilo ɗaya da ɗoriya ba ya kama da wani abu a kanti. Amma mutumin da ya wuni a rataye, yana miƙa hannu yana ɗaga injin sau ɗaruruwa, a kafaɗarsa da wuyan hannunsa zai ji shi, kuma gajiya ce ke fara sa mutum sakin hannu ɗaya. A ɗaya ɓangaren, ƙaramin inji a cikin kauri irin na maɗaci yana shaƙewa, mai aiki ya riƙa danna shi da ƙarfi, wannan ma wata ƙofar haɗari ce.

Don haka tambayar farko ita ce: wane aiki ne ya fi yawa? Ga mai inji ɗaya tak wanda aikinsa ya haɗa da gyara da saukewa, mai cc 35 ya fi dacewa. Wanda kusan duk aikinsa rage rassa ne a gidaje da makarantu, ƙaramin zai fi yi masa rana.

Harshe da sarƙa

Harshe, wato shafaffen ƙarfen da sarƙar ke zagayawa, yakan zo da tsawon inci 10 zuwa 16. Masu saye da dama sukan zaɓi mafi tsawo, a ganinsu kuɗinsu ya fi yin aiki. Wannan kuskure ne. Dogon harshe yana rinjayar injin ta gaba, yana cin ƙarfinsa, yana kuma ƙara yiwuwar bakinsa ya taɓa wani reshe da mai aiki bai gani ba. Inci 10 ko 12 ya wadatar wa ƙanana, inci 12 ko 14 ga manya.

Taɓawar nan ta bakin harshe ita ce babbar matsala. Idan sashen sama na bakin ya ci karo da itace alhali sarƙa na gudu, injin yakan yi harbi irin na jaki, ya taso sama ya nufi fuska ko kafaɗa. Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda, saboda haka babu wanda saurin hannunsa zai cece shi.

Abin da ke ceto shi ne burkin sarƙa, wato garkuwar da ke gaban hannun hagu. Idan aka tura ta gaba, sarƙa takan tsaya nan take, kuma a injina masu inganci ƙarfin harbin kansa yana kunna burkin ko da hannu bai taɓa shi ba. Kafin a biya kuɗi, a tayar da injin a ƙasa, a ba shi wuta, a tura garkuwar da bayan hannu. Idan sarƙar ta ci gaba da juyawa ko da kaɗan ne, a bar wa mai shi kayansa.

A kuma duba makullin totur, wanda ke hana injin ɗaukar wuta sai an riƙe mariƙin sosai, da ɗan ƙarfen da ke tare sarƙa idan ta tsinke. Sannan sarƙa kada ta motsa lokacin da injin ke aiki a hankali ba a taɓa totur ba.

Sarƙoƙi ba ɗaya suke ba. Girman haƙora da kaurin gindin da ke shiga ramin harshe sun bambanta, kuma ana rubuta lambobin a jikin harshen. Manyan sukan yi aiki da sarƙa mai ma'aunin 3/8 mai gajerun haƙora, wasu ƙananan kuma da mai 1/4. Ya kamata mai saye ya tabbatar irin tasa tana samuwa a garinsu, tare da magagarin da ya yi daidai da ita, domin sarƙa mai dakushi ta fi mai kaifi haɗari.

Fetur ko batir

A Turai da Amurka masu hawa bishiya da yawa sun koma kan masu batir, irin su Husqvarna T540i XP da Stihl MSA 220 T. Dalilinsu a fili yake. Babu jan igiyar tayarwa a kan reshe, babu hayaƙi a fuska, kuma da an saki maɓalli shiru ne, na sama yana jin abin da na ƙasa ke faɗa masa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a aikin da ake jefo gunduwa daga sama.

A nan gida lissafin ya ɗan sauya. Batiri ɗaya ba ya kai mutum wuni, sai da biyu ko uku, kuma farashin batiran da caja kan kai na injin ko ya wuce. Sai batun wutar caji. Sai zafi: batirin lithium ba ya shiri da rana irin ta watan Afrilu da ke wuce maki 40, kuma idan ya yi zafi sosai yakan ƙi karɓar caji har sai ya huce. Wanda ke da sola a gida kuma aikinsa gyaran ƙananan rassa ne zai ji daɗinsa. Ga saura, mai fetur ne zai fi jure yanayin.

Shi ma mai fetur yana da nasa sharuɗɗan. Ana gauraya masa mai ne, kashi 50 na fetur da kashi 1 na man inji mai bugu biyu, wato mililita 100 a cikin lita 5. Zuba masa baƙin man mota ko haɗa shi da ido yana kashe fistin cikin ƙanƙanin lokaci. Man shafa sarƙa kuwa tankinsa daban, kuma tsohon baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke zubawa don sauƙi, yana lalata famfon man da harshen. Ƙurar hunturu ma tana toshe matatar iska, don haka gara injin da ake buɗe murfin matatarsa cikin sauƙi.

Jabu da na hannu

Kasuwa cike take da injina masu launin manyan kamfanoni da suna mai kama da nasu. Akwai kuma ƙananan 'yan cc 25 marasa sanannen suna, masu arha ƙwarai. Wasu suna yanka yadda ya kamata a farko. Inda sukan gaza shi ne inda ido ba ya gani: burki, da ƙawanyar rataya, da robobin da ke rage girgiza. Idan ƙawanya ta ɓalle, inji mai kilo 4 ne zai faɗo a kan wanda ke tsaye a ƙasa.

Mafi aminci shi ne saye a wurin dilan kamfani, a karɓi rasit da takardar bayani, a duba lambar injin. Tambayar da ta fi muhimmanci a yi wa mai kanti ita ce ko yana da kafreto da kulochi da fulogi na wannan samfurin, da kuma makanikin da ya san shi.

Game da na hannu, akwai tsohon samfurin Stihl MS 200 T da masu sana'ar a ƙasashe da dama ke ji da shi har yanzu, duk da an daina ƙera shi an maye gurbinsa da MS 201 T. Farin jininsa ya sa ana yawan kwaikwayonsa, ana kuma haɗa shi da kayan da ba na asali ba. A tayar da kowane na hannu yana sanyi, a kashe, a sake tayarwa yana da zafi. Injin da sai an ja shi sau goma a ƙasa, a sama azaba zai zama.

Abin da ke tafiya da injin

Kuɗin injin rabin kasafi ne. Ƙa'idar masu aikin bishiya ta Amurka, ANSI Z133, ta tanadi cewa mai yanka da inji a sama ya kasance a ɗaure ta hanya biyu, igiyar hawa da kuma wata gajera da ke zagaye kututture, domin idan sarƙa ta taɓa ɗaya, ɗayar ta riƙe shi. Igiyar rijiya ko ta ɗaurin kaya ba ta cikin lissafi. Ana buƙatar ɗamarar hawa ta gaske, da hular kwano mai maɗauri a haɓa, da tabarau, da abin toshe kunne saboda ƙarar mai fetur tana wuce desibel 100, da wando mai zaren da ke cushe sarƙa ya tsayar da ita.

Shi kansa injin ana ɗaure shi da tasa igiyar a jikin ɗamara. Mafi kyau ita ce wadda aka yi ta yadda za ta tsinke idan reshe mai nauyi ya maƙale harshen ya fizge shi, don kada ya tafi da mutumin.

Ƙwararru kuma ba sa hawa sai da ƙaramin zarton hannu a ƙugu, irin na kamfanin Silky na Japan. Rassa masu kaurin wuyan hannu da shi ake yankewa, kuma da shi ake ƙarasa yankan da ke buƙatar a riƙe reshe da ɗaya hannun.

Bishiyar da rassanta suka kusanci layin 11kV ko 33kV kuwa, babu injin da ya dace da ita sai kamfanin rarraba wuta na yankin, kamar KEDCO a Kano da Jigawa da Katsina, ya kashe layin tukuna. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, kuma a irin wannan ƙarfin ba sai an taɓa wayar ba take tsallakowa.