Matatar mai ba ta san kulle ba: yadda ma'aikatan fetur suka tsare rayukansu a zamanin korona

A ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijar. Aka rufe iyakoki da filayen jirgin sama, aka killace Yamai. Ƴan kasuwa ba su manta ba. Amma gaz ɗin da mata ke girki da shi da gazuwal ɗin manyan motocin kaya, daga matatar SORAZ ta Damagaram suke fitowa, wadda aka buɗe a 2011 don tace ganga 20.000 a rana daga rijiyoyin Agadem. Irin wannan wuri ba a garƙame shi kamar rumfa a tafi gida.

A nan ne matsalar take. Likita ya ce a rage cunkoso, a nisanta da juna. Dokar aikin mai kuwa ta ce kada mutum ya shiga wuri mai haɗari shi kaɗai, sai da wani a tsaye yana lura da shi. Kamfunnan mai a duniya sun raba ma'aikata ƙungiya-ƙungiya da ba sa haɗuwa, suna killace mai zuwa kwana 14 kafin ya kama aiki. Wanda ke ciki kuma ya daɗe bai samu canji ba. Mu a ganinmu wannan ya fi komai tsoro, don gajiyayye ne ke mance rufe famfo. Hatta ruwan goge hannu da aka raba ko'ina alkol ne, yana kama wuta.

Ga kuma gyaran injuna da aka yi ta ɗagawa saboda ƙwararru ba su da jirgin zuwa. A Indiya, ranar 7 ga Mayu 2020, iska mai guba ta fita daga wata masana'antar roba a Bishakapatnam lokacin da ake shirin tada ta bayan kulle. Mutum sama da 10 suka mutu, mazauna unguwannin kewaye.

Mu tambayi kanmu: mai sayar da fetur cikin kwalba a bakin kasuwa, kusa da mai tuyar ƙosai, wa ke lura da shi? A Mayun 2019 motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin Yamai, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu.