Kadan Masar Ta Dauri Da Kadan Ƙasarmu

Duk wanda ya ziyarci haikalin Kom Ombo a bakin Kogin Nilu zai ga an sassaƙa wata siffa a jikin bangon dutse: gangar jiki ta mutum, kai kuwa na kada. Wannan shi ne Sobek, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Masarawan dauri. Tsoro da buƙata ne suka haɗu suka ba shi wannan matsayi, domin kogin da yake kawo ambaliyar da ke raya gonaki, shi ne kuma gidan dabbar da ke fizge masunta. A yankin Fayum har gari guda Girkawa suka yi wa laƙabi da Birnin Kada.

Masanin tarihin nan na Girka, Hirodotas, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa a wasu sassan Masar akan horar da kada, a sa masa 'yan kunne, a zuba masa mundaye a ƙafafun gaba, a riƙa ciyar da shi. Idan ya mutu sai a shafe gawarsa da magunguna, a naɗe ta, a adana. An tono dubban irin waɗannan gawawwaki. A Tebtunis ma, wajen shekarar 1900, an tarar an naɗe wasu da tsofaffin takardun hukuma, waɗanda suka zama taska ga masu nazarin tarihi.

Haka kuma kada ya shiga harkar magani. Takardar Kahun, wadda aka gano a 1889, an rubuta ta ne wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tana cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa a kan lafiyar mata. A ciki an ambaci kashin kada cikin haɗin hana ɗaukar ciki. Shekarun magani ba su ne shaidar ingancinsa ba. Kashin dabba matattarar ƙwayoyin cuta ne, kuma babu likitan da zai yarda da wannan haɗi a yau.

To amma mai karatu zai iya tambaya, yaya mutum zai huda kunnen kada ya kwana lafiya? Kadan Nilu yakan kai tsawon mita 5, kuma ba ya wasa da ɗan Adam. A 1807 wani masanin dabbobi Bafaranshe, Jofuruwa Sant-Hiler, ya duba ƙoƙon kan waɗannan gawawwaki, ya ce akwai wani jinsi na dabam, ƙarami kuma mai sanyin hali, ya raɗa masa suna Crocodylus suchus. Kusan shekara 200 masana ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba.

Sai a 2011 Evon Hekkala da abokan aikinta suka gwada sinadarin gado, wato DNA, na kadoji masu rai da na gawawwakin da ke ajiye a gidajen tarihi. Sakamakon ya gaskata Bafaranshen. Jinsi biyu ne: kadan Nilu yana da kuromosom 32, ɗayan kuwa 34. Gawawwakin da aka samu DNA a jikinsu duk na ƙaramin jinsin ne, abin da ya sa ake ganin masu hidimar haikali sun san bambancin tun tuni, suna zaɓen wanda zai horu. Abin mamaki, kadan Nilu ya fi kusanci da kadojin nahiyar Amurka fiye da wannan maƙwabcin nasa.

Wannan ƙaramin jinsi ya ƙare a Masar, amma yana nan a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Shi ne a tafkunan Paga da ke arewacin Ghana, inda mutanen gari suke girmama shi, baƙi har suna taɓa jelarsa. Shi ne kuma ya rage 'yan ƙalilan a wani kududdufi cikin duwatsun Ennedi na ƙasar Chadi, tun zamanin da Sahara take da koguna. Kadojin da ake cewa daga gare su Kaduna ta samo sunanta, ga dukkan alamu, danginsa ne. Farauta don fata da nama, da cike fadamu, suna rage yawansa, kuma da yake an daɗe ana lissafa shi tare da kadan Nilu, dole ne yanzu masana su ƙidaya shi shi kaɗai kafin a san irin kariyar da yake buƙata.